Tukunya, dashe da ɗaurin tumatir a cikin ɗaki

Tumatir ɗin da aka shuka a cikin ɗaki, rabin lafiyarsa tana cikin tukunya, inda ido ba ya gani. Shi ya sa ni saiwa nake tambaya kafin in yi komai.

Ina fara iri a ƙananan kofuna na roba da na huda gindinsu. In akwai ɗumi, wajen digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, tumatir kan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10. Barkono ya fi shi nawa, yakan ɗauki mako biyu ko uku. Siraran ganye biyu da ke fara fitowa na cikin ƙwayar iri ne, ba a ƙirga su. Sai ganyen gaske masu tsage-tsage sun kai biyu ko uku ake fara zancen dashe.

Ko a nan ma kada ka dogara da lissafin kwanaki. Sa karan tsakanin yatsu biyu, ka kife kofin a tafin hannunka, ka ɗan bugi gindinsa. In ƙasar ta fito a dunƙule, fararen saiwoyi sun bayyana a gefenta, lokaci ya yi. In ta wargaje, mayar da ita ka ƙara mako guda. In kuwa saiwoyin sun nannaɗe a ƙasa kamar gammo, ka makara, sai ka warware su da yatsa a hankali kafin ka dasa, don in ka bar su haka za su ci gaba da zagaye ko a sabuwar tukunya.

Masu gaggawa kan ɗauki tsiro daga kofi su jefa shi cikin babban bokiti, wai don a huta da dashe sau biyu. Ban yarda da wannan ba a cikin ɗaki. Babu zafin rana da iskar da za su busar da ƙasa, saboda haka duk ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba sai ta zauna a jiƙe, iska ta kasa shiga, saiwa ta fara ruɓewa, ƙananan baƙaƙen ƙudaje su samu wajen hayayyafa. Mai shuka ya ga ganye ya yi yaushi, ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Gara a bi mataki: daga kofi zuwa tukunya mai lita 3 ko 4, sannan ta ƙarshe. Dogon tumatir yana son lita 20 ko fiye, barkono da gajeren tumatir lita 10 zuwa 15 ta ishe su. Akwai ma wani ɗan ƙaramin iri, Micro-Tom, da Jami'ar Florida ta Amurka ta fitar a 1989, wanda tsayinsa bai cika wuce santimita 20 ba. Shi ko a bakin taga zai rayu. Tukunyar yadi tana hana saiwa nannaɗewa, sai dai tana saurin bushewa.

Tumatir ana dasa shi da zurfi, a cire ganyen ƙasa a binne karan har kusa da ganyen sama, domin karansa yana fitar da sabbin saiwoyi duk inda ƙasa ta rufe shi. Barkono kuwa a bar shi daidai inda yake a da. A ba da ruwa sosai, a dakata da taki na mako guda.

Kafin ka sa hannu a reshe, ka san irin da ka shuka. Gajeren tumatir yana daina girma da kansa ya yi fure a ƙarshen rassansa, in ka datse su ka datse 'ya'ya ke nan. Sanda ɗaya ta ishe shi. Dogon kuwa ba ya daina girma. Shi nake barin kara ɗaya, in ɗaura igiya daga sama, in riƙa nannaɗa ta a jikinsa yayin da yake hawa. Duk tohon da ya leƙo a kwanar da ke tsakanin kara da ganye, ina tsinke shi da farce tun bai kai tsawon yatsa ba. In ya yi kauri, cirewar tana barin babban rauni. Ɗauri kuma ya zama sako-sako, ƙasa da tushen ganye, don kara yana ƙara kauri.

Tsiron da ya yi zaƙwai-zaƙwai, siriri mai nisa tsakanin ganye, haske yake nema. A matso da fitilar LED kusa, a bar ta awa 14 zuwa 16 a rana. Da fure ya buɗe, a riƙa girgiza igiyar ko ɗan ƙwanƙwasa reshen da hantsi, tunda babu iska ko zuma a ɗaki da za su kaɗa garin furen. In zafin ɗakin ya haura digiri 32, furen kan zube ko an girgiza, sai a buɗe taga ko a kunna fanka.