Yadda ake auna ƙarfin jan ƙasa da zare da kwado

Kalmar fiziks ta samo asali ne daga harshen Girka, inda take nufin ɗabi'ar halitta, kuma fagen wannan ilimi ya haɗa motsi da zafi da haske da sauti da lantarki, tun daga ƙwayar zarra har zuwa taurari. Sai dai ɗalibi yana iya haddace wannan bayani tsaf bai san abin da masana fannin suke yi ba, domin ainihin aikinsu awo ne: a yi tambaya, a auna, a maimaita, sannan a duba ko lissafi ya zo daidai da abin da ido ya gani. A ganina babu gwajin da ya kai na lilo nuna wannan, ga shi kuma kayan aikinsa duk suna cikin gida.

A samu zare mai ƙwari wanda ba ya miƙewa, da ƙaramin kwado na kulle ƙofa, da tef irin na tela, da agogon wayar hannu mai ƙirga daƙiƙoƙi. A ɗaura kwadon a bakin zaren, a rataye shi a ƙusa a saman ƙofa yadda zai yi reto bai taɓa komai ba, sannan a kashe fanka, a rufe taga. Tsawon da ake so mita 1 ne, kuma ana auna shi daga ƙusar zuwa tsakiyar kwadon, ba zuwa ƙullin zaren ba. A nan mutane da yawa suke kuskure.

Sai a ja kwadon gefe kamar santimita 10, a sake shi a hankali ba tare da an tura ba. Kada a ja shi da nisa, saboda lissafin da za a yi ya dogara ne a kan ƙaramin reto. Tafiya da dawowa su ne zagaye ɗaya. Ba a auna zagaye ɗaya tak, domin ɗan jinkirin yatsa wajen danna agogo ya isa ya ɓata sakamakon. Zagaye 20 ake ƙirgawa, a raba lokacin gida 20, ta yadda kuskuren yatsan ma zai rabu gida 20. A lura da cewa lokacin da aka danna agogo "sifili" ake cewa, sai kwadon ya je ya dawo sannan a ce "ɗaya". A yi haka sau uku, a rubuta kowane sakamako yadda ya fito, ko da bai yi wa mai gwajin daɗi ba.

Idan an yi aikin da kyau, zagaye 20 za su ɗauki kusan daƙiƙa 40.2, wato kowane zagaye daƙiƙa 2.01. A ninka wannan adadi da kansa, za a samu 4.04. A ninka tsawon zaren a mita da 39.5, a raba da 4.04, amsar za ta faɗo kusa da 9.8, wato awon ƙarfin jan ƙasa. Ma'anarta ita ce duk abin da aka saki daga sama, gudunsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, in dai iska ba ta tare shi ba.

Daga nan ne gwajin yake ƙara armashi. A sauya kwadon da wanda ya fi shi nauyi, a bar tsawon yadda yake: lokacin ba zai canza ba, duk da cewa zuciya tana raya wa mutum akasin haka. Amma idan aka rage zaren zuwa santimita 25, zagayen zai koma daƙiƙa 1. Abu ɗaya kawai ake sauyawa a kowane karo, in ba haka ba ba za a gane wanne ne ya kawo bambanci ba. Galileo na ƙasar Italiya ya yi nazarin wannan hali na lilo tun wajen 1602, kuma a kansa ne Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai lilo a 1656.

Adadin nan na ƙarfin jan ƙasa ba ɗaya ba ne a ko'ina a duniya. A 1672 Bafaranshe Jean Richer ya kai irin wannan agogo garin Cayenne a Kudancin Amurka, sai ya ga yana jinkirin kusan minti biyu da rabi a kullum idan aka kwatanta da yadda yake tafiya a Paris, abin da daga baya Isaac Newton ya danganta da juyawar duniya da kuma kumburinta a tsakiya. A ƙuryar arewacin duniya da ta kudancinta adadin yana kai wa 9.83, yayin da a garuruwa irin su Kano da Maraɗi, waɗanda suka fi kusa da layin da ya raba duniya biyu tsakanin arewa da kudu, yake kusan 9.78. Wanda ya samu tsakanin 9.5 da 10 a gwajin farko ya yi ƙoƙari. Idan yana son ya matso kusa, sai ya ƙara tsawon zaren zuwa mita 2, ya ƙirga zagaye 50.