Yadda ake ƙara wa birkin motar daji ƙarfi ta riƙa tsayawa inda ka ce ta tsaya

Duk wanda ya mallaki motar shiga daji, Hilux ce ko Land Cruiser ko Patrol ko Jeep Wrangler, abin da yake fara yi shi ne ya ɗaga ta ya sa mata manyan taya, sai ƙarfen gaba, sai injin janyo mota in ta kafe, sai kariya a sama ya loda jarkoki da tanti da taya sifiya, birki kuwa ba mai tunawa da shi sai ranar da ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa. Ni haka ta faru da ni, gangara ce mai tsawo mota cike da kaya, na ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, kafin in kai rabi na fara jin ƙauri kamar ana ƙona roba sai kawai fedal ya yi laushi kamar na taka soso. Da sauke giya da jan hambirki a hankali Allah ya sa ta tsaya, na fito na tarar hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba. Wanda na sayi motar a hannunsa cewa ya yi an canza komai, amma da na buɗe tankin man birki sai na ga man ya yi baƙi ƙirin.

Abin da nake so ka fara ganewa ɗan uwa shi ne birki ba abin da yake yi illa mayar da gudu ya koma zafi. Ka ƙara wa mota nauyi ka ƙara zafin da faifai zai sha, wato zagayayyen ƙarfen da birki ke matsewa a bayan taya, in kuma ka ninka gudu to zafin ninki huɗu yake yi ba biyu ba. Ga kuma taya, in ka tashi daga inci 31 ka koma 35 ƙarfin da birkin yake kaiwa ƙasa ya ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari, alhali ba abin da ya lalace, tayar ce kawai ta ƙara tsawon hannu ta fi ƙarfin faifan. Shi ya sa nake cewa kar ka yi saurin sayen manyan kalifa masu jan fenti, wato ƙarfen da ke matse faifai, aikin bi da bi ake yinsa.

Mataki na farko, duba abin da ke jikin motar. Ka samu wuri mai tauri ba gangara ba, ka sa waigi a tayar da ke ƙasa, ka ɗaga da jak sannan ka tokare da ƙarfen tokara, dan Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Kafin ka cire tayar ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza, in tana wasa to sau da yawa boris ne, kuma boris mai wasa yana sa faifai ya riƙa tura fistin ɗin cikin kalifa baya, sai ka ga taka na farko ya tafi ƙasa na biyu ne yake kamawa. Ka duba fad, wato abin da ke gogar faifai, in naman da ya rage bai kai milimita 3 ba ya gama aiki. In ɗaya ya cinye ɗaya yana nan da kaurinsa to fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai ne ya cije, laka da ruwa sun shiga sun yi tsatsa, wannan ciwon motar daji ne sosai. Ka zaro su ka goge ka shafa giris na birki wanda ba ya cin roba, ka canza robar da ta yage. Mota da yawa daga nan kaɗai birkinsu yake dawowa.

Na biyu man birki, kuma a nan zan daɗe don shi ne ya kusa halaka ni. Man birki yana shan danshi daga iska ko da ba ka taɓa buɗe tankin ba, balle kai da kake tsallaka rafi. Ruwan da ya shiga yana sa ya tafasa da wuri, in ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ne fedal zai nutse ba abin da ya kama. Man birki aji-aji ne, ana rubuta ajinsa da DOT, DOT 3 sabo aƙalla sai digiri 205 na Salsiyas yake tafasa amma in ya sha ruwa yana iya saukowa 140, DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa, DOT 5.1 yana kaiwa 260 da 180. Ka duba abin da aka rubuta a murfin tankin, in DOT 3 ne yawanci kana iya hawa DOT 4 ko 5.1 don danginsu ɗaya. Amma ka kiyayi DOT 5 zalla wanda ba 5.1 ba, shi na silikon ne ba ya haɗuwa da sauran kuma ba a sa shi a mota mai ABS, wato na'urar hana taya kullewa, sunan ne kawai ya yi kama. Ka sayi sabuwar kwalba a rufe, ka canza duk shekara biyu, in kana yawan shiga ruwa ni shawarata duk shekara. In ya ɗiga a fenti ka wanke da ruwa nan take don yana cin fenti.

Na uku fad. Akwai mai laushi irin wanda ba ya ƙara, akwai na siramik mai tsabta ba ƙura, akwai kuma mai haɗin ƙarfe. Ga mota mai nauyi mai jan kaya ni mai haɗin ƙarfe nake zaɓa, yana jure zafi yana kamawa ko da laka ta taɓa shi, sai dai yana ɗan ƙara yana kuma cin faifai fiye da sauran, wannan kuwa ciniki ne da na yarda da shi. Kar ka ɗauko fad na motar tsere, shi sai ya yi zafi yake kamawa, kai kuwa kana rarrafe a kan duwatsu birki a sanyaye kake buƙatarsa ya ciza. Wajen sawa ka kwance kalifa ka rataye ta da waya, kar ka bar ta tana lilo a jikin tiyo, ka tura fistin baya a hankali kana kallon tanki kar ya yi ambaliya, kuma gefe biyu ake canzawa tare.

Na huɗu faifai. A gefensa za ka ga an buga MIN TH da lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, ka auna, in ya kai nan ko yana da tsaga ko sitiyari na rawa in ka taka, a canza shi. Mai ramuka yana da kyan gani amma ramukan cika suke da laka da ƙananan tsakuwa kuma tsagewa takan fara daga bakinsu in zafi ya yi yawa, mai tsagi-tsagi ko lafiyayye marar komai mai nagarta ya fi maka. Ka kankare tsatsar da ke fuskar hob, wato inda faifai ke zama, da burushin ƙarfe kafin ka ɗora sabo, ɗan ɓarɓashi kaɗan ya isa ya sa faifan ya zauna a karkace, sannan ka wanke man da aka shafa masa daga kamfani da feshin wanke birki.

Na biyar tiyo. Na roba in ya tsufa kumbura yake yi duk sanda ka taka, wani ƙarfin ƙafarka a nan yake salwanta. Mai saƙar ƙarfe a waje ba ya kumbura, fedal sai ya yi tauri ka riƙa jin abin da tayar ke yi. In ka ɗaga mota dole ka sa mai tsawo, ka gwada ta hanyar ɗaga motar har tayoyi su sauko iya saukowarsu ka murɗa sitiyari hagu da dama har ƙarshe, kar tiyo ya miƙe kamar tsirkiya kuma kar ya goga taya ko sifirin.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, tsofaffin Hilux da Land Cruiser marasa ABS suna da wani bawul a baya mai sanda da ke haɗe da aksil, aikinsa ya auna nauyin kaya ya ƙara wa birkin baya ƙarfi in an yi lodi. Da ka ɗaga motar sai bawul ɗin ya ɗauka bayan ba komai, ya rage wa baya mai, gaba ya riƙa shan wahala shi kaɗai har ya ƙone. Maganin a ɗaga wurin da sandar ke ɗaure daidai da yadda aka ɗaga motar. In kuma bayan naka dorom ne kamar yawancin Hilux, ka buɗe ka wanke lakar da ta taru ka saita takalman, dorom da ya saki yana sa fedal ya yi nisa.

Sai cire iska. Mutum biyu ake so, ɗaya a ciki yana taka fedal ya riƙe, kai kana ƙasa ka sa siririn tiyo a bakin nonon kalifa zuwa kwalba, ka buɗe ka rufe kafin ya ɗaga ƙafa, haka har sai man ya fito garau ba kumfa. Yawanci daga tayar da ta fi nisa da masta, wato famfon da fedal ke turawa, ake farawa a ƙare a mafi kusa, amma ka duba littafin motarka don wasu tsarinsu daban. Kar ka bari tankin ya ƙafe, in iska ta shiga akwatin ABS wasu motocin sai an jona kwamfuta kafin ta fita. Ka ɗaure notika da sifana mai auna ƙarfi yadda littafi ya ce, kuma kafin ka motsa motar ka taka fedal sau da yawa har ya yi tauri, don fistin da ka tura baya bai dawo ba tukuna.

Kar ka tsallake zaunar da sabon fad. Ka samu miƙaƙƙiyar hanya ba kowa, ka kai kamar kilomita 60 a awa ka taka da ɗan ƙarfi har ka sauko wajen 10, kar ka tsaya cak, ka sake haka sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar wasu mintuna ba taka birki don ya huce. Wannan yana shimfiɗa naman fad a fuskar faifai daidai wa daida, in ka tsaya ka danne shi da zafinsa zai bar tabo wanda daga baya za ka ji fedal na bugawa.

In ka yi duk wannan har yanzu motar na fin ƙarfin birkin, musamman in tayarka ta kai 35 ko 37, to yanzu ne lokacin babban faifai da kalifa mai fistin huɗu ko shida. Faɗin faifan shi ke dawo da ƙarfin da babbar taya ta cinye, kaurinsa kuma ya ɗauki zafi. Ka tabbata rim ɗinka zai rufe shi, da yawa sai inci 17, kuma masta ta iya cika manyan fistin in ba haka ba fedal zai yi zurfi. Ka sayi saiti wanda aka ƙera don motarka, haɗe-haɗen kayan wata mota yana iya sa baya ya riga gaba kullewa, mota ta juyo da kai a kwana. Wannan aikin in ba ka taɓa yi ba ka nemi bakanike da ya san shi ku yi tare.

Ko da wane birki ka sa, iyakarsa riƙon da taya ta yi wa ƙasa, tayar laka a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tana buƙatar tazara mai yawa. A gangarar daji ka shiga 4L, wato ƙaramar giyar taya huɗu, ka sa giya ɗaya ko biyu inji ya riƙe motar, birki ka riƙa taɓa shi kana saki. In ka fito daga ruwa ka ɗora ƙafa kaɗan a kan fedal kana tafiya a hankali na 'yan mitoci har ka ji ya fara kamawa, in ka dawo gida kuma ka bari faifan ya huce tukuna sannan ka sa ruwa ka wanke lakar da ta maƙale a bayan kalifa.