Yadda ake koya wa manhajar imel gane saƙonnin banza

Ga masu fama da saƙonnin talla da na damfara a akwatin imel, shawarata ita ce a haɗa hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kafa ƙa'idoji, wato a umarci manhajar cewa duk saƙon da ya fito daga adireshi kaza, ko mai ɗauke da kalma kaza a takensa, ta ware shi gefe. Sai dai ƙa'ida ba ta da wayo, kuma masu turo irin waɗannan saƙonni kan sauya adireshi a kai a kai.

Hanya ta biyu, wadda ta fi amfani, ita ce matatar saƙonni da ake horarwa, kamar wadda ke cikin manhajar imel ta Thunderbird, wadda ke lissafa kalmomin saƙo ta kwatanta su da waɗanda aka taɓa yi wa alama. Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne goge saƙon banza kai tsaye, alhali gogewa ba ta koya mata komai. A yi masa alamar banza, sannan idan ta kama saƙon kirki bisa kuskure, a nuna mata ba na banza ba ne.

A riƙa leƙa akwatin banzan duk mako, domin Gmail yana share abin da ke cikinsa bayan kwana 30.