Yadda Ake Tanadin Zare da Saƙa Kayan Sanyi Domin Kyauta ga Ƙawaye da Dangi

A Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara hunturu yakan fara kaɗawa cikin watan Nuwamba, ya tsananta a Disamba da Janairu, kuma a daidai lokacin ne masu saƙa da yawa suke tunawa da ƙawar da ta sauka ko gwaggon da ke kwance, wadda ya kamata a yi wa abin rufa. Wadda ta bari sai ɗari ya shigo sannan ta nufi kasuwa neman zare ta makara ta fuska biyu, domin launukan da aka fi so sukan yi wuyar samu, kuma bargon da zai ci makonni uku ko huɗu a hannu ba zai isa ga mai shi ba sai sanyin ya kusa wucewa. Saboda haka tanadin zare aikin ƙarshen damina ne, daga Agusta zuwa Oktoba.

Kafin a sayi ko dunƙule ɗaya, a fara tantance wanda za a yi wa saƙar da halin da yake ciki, domin shi ne zai nuna irin zaren da yawansa. Mai jego tana bukatar hula da safa da ƙaramin bargo na jariri, musamman idan bakwaini ne, wanda jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi. Mai ciwon sikila sanyi yana daga cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo, don haka safar ƙafa mai kauri da rigar sanyi sun fi masa amfani a kan kowane abin ado. Wadda ake yi wa maganin ciwon daji har gashinta ya zube, fatar kanta takan yi saurin jin zafin gogayya, sai a yi mata hula da zaren auduga mai laushi, ba tare da tudun ɗinki a ciki ba. Mai takaba kuwa, wadda za ta yi wata huɗu da kwana goma ba ta ado, ba a kai mata mayafi mai ƙyalli ko ja wur. Ruwan toka, ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu sun fi dacewa da zamanta.

Yawancin abin da ake kira ulu a kasuwanninmu zaren akirilik ne, wanda ake sarrafawa a masana'anta daga sinadaran man fetur, ba gashin tunkiya ba. Wannan ba aibi ba ne. A ganina ma shi ya fi dacewa da kyauta ga majinyaci da mai jego, domin yana jure wanki akai-akai, yana saurin bushewa, asu ba ya cinsa, kuma kuɗinsa bai kai na ulun gaske ba. Kyautar da sai an yi mata wanki na musamman nauyi ce a kan mutumin da ko kwanon abincinsa wani ke wanke masa. Idan ana shakkar abin da mai shago ya faɗa, a yanki ɗan guntu a ƙona shi a tsakar gida: ulun gaske yana ƙauri irin na gashi kuma tokarsa tana murmushewa, auduga tana ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, akirilik kuwa narkewa yake ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Wannan narkewar ita ce dalilin da ya sa za a gargaɗi tsohuwar da ke jin ɗumi a bakin kasko kada ta matsa kusa da garwashi da mayafin akirilik a jikinta.

Batun yawan zare shi ne inda aka fi yin asara. Dunƙulen zare yakan zo da nauyin giram 40, 50 ko 100, kuma a rubuce yake a jikin takardar da aka naɗe shi da ita. Da zare mai matsakaicin kauri, hular jariri ba ta cinye giram 50, hular babba takan ci tsakanin 50 da 100, bargon jariri mai faɗin santimita 75 da tsawon 90 yakan buƙaci giram 300 zuwa 500, rigar sanyin babban mutum kuwa tana iya wuce giram 500. Duk abin da lissafi ya bayar, a ƙara dunƙule ɗaya a kai. Dalilin shi ne ana rina zare ne rukuni-rukuni, kuma kowane rukuni yana da lambarsa a jikin takardar, daban da lambar launi. Dunƙule biyu masu launi ɗaya amma rukunin rini daban sukan yi kama a cikin shago, sai an saƙa su an fito da su rana sannan a ga layi ya raba bargon gida biyu. Don haka a sayi zaren aiki ɗaya gaba ɗaya a rana ɗaya, a duba lambobin ɗaya bayan ɗaya, kuma idan saƙo za a ba mai zuwa Kano ko Sakkwato, a haɗa shi da tsohuwar takardar da guntun zaren, kada a ce masa kawai ya sayo kore.

Ban da zaren aikin da aka riga aka tsara, yana da kyau a ajiye giram 200 ko 300 na launi mara hayaniya, domin haihuwa da rashin lafiya ba sa jiran ranar kasuwa. Abin da ya wuce haka, a wurina, kuɗi ne aka ɗaure a cikin akwati. A zuba zaren a bokitin roba mai murfi ko a jakar leda mai kauri, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ɓeraye, a kuma nisanta shi da hayaƙin madafa da ƙurar hunturu. Abu ɗaya da ba za a yi sakaci da shi ba shi ne kafur: kada a sa shi cikin zare ko kayan da za a saƙa wa jariri, domin likitoci sun tabbatar yana iya farfasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani.

Idan an zo fara aikin, ko da kibiya ne ko da kwarashi, a saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10 a ƙirga madaukan da suka shiga cikinsa, tun da hannun kowa da irin matsinsa. Misali, zare matsakaici da kibiya mai milimita 4 yakan ba da madauki 22 a santimita 10. Kewayen kan babba yana tsakanin santimita 54 da 58, kuma ana rage kamar santimita 5 don hular ta kama kai, saboda haka mai kai 56 za a yi masa hula mai 51, wato madauki 112. Kewayen kan sabon jariri yakan kai kimanin santimita 35, madauki 72 sun ishe shi. A kayan jariri a guji maɓalli da duwatsun ado da doguwar igiya a wuya, a kuma guji saƙa mai manyan ramuka da yatsa zai iya maƙalewa a ciki. Duk wata jelar zare a cusa ta cikin saƙar da allura, kada a ƙulle ta a bar tudu a inda fata za ta kwanta.

Bayan an gama, a wanke kayan da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfin ƙamshi, a matse ruwan cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a inuwa. Rataya saƙa a igiya da ruwa a jikinta yana sa ta zube ta yi tsawo, dutsen guga mai zafi kuma yana lalata akirilik har abada. Wannan bayanin ya kamata a maimaita wa mai jinya ko uwar mai jego da baki, domin su ne masu wankin.

Wajen miƙawa, ya fi kyau mai saƙar ta kai da kanta idan hali ya yi, domin aiken yaro yana jawo wa gidan da ke fama da kuɗin magani neman tukuici. Ba a faɗin kuɗin zare ko yawan dararen da aka raba a kansa. Ga babba ya isa a ce, “Inna, sannu da jiki, ga wannan ki riƙa rufe ƙafa da asuba,” ga ƙawa mai jego kuma, “Allah ya raya, ga hular baƙonmu.” A naɗe ɗan ragowar zaren a sa cikin ledar, saboda ranar da wani wuri ya warware a sami abin gyara mai launi ɗaya.