Yadda na hutar da fankar lagireton motata

Bakanike ya sa mini na'urar kunna fankar lagireto, ya saita ta a digiri 80. Tun ranar fanka ba ta huta ba, ko a babban titi, har batir ya fara sanyi.

Da na kwance tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwan inji hanya zuwa lagireto idan ya yi zafi, sai ga 82 an buga a jikinsa. Ashe nan gizo ke saƙar! Shi yana riƙe zafin inji a wajen 82, ita kuwa fanka sai ya sauka ƙasa da 80 za ta tsaya. Yaushe?

Na mayar da kunnawa 92, kashewa 87, tunda sensar da ke auna zafin tana bakin tiyon sama na lagireto, inda ruwa ya fi zafi. Jiya a cunkoson Kantin Kwari, fanka ta taso kamar minti ɗaya, ta yi tsit.