Macizan Indiya: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani kafin damina

'Yan uwa ɗalibai da masu jinya da kuka sauka Indiya kwanan nan, damina a nan tana kamawa ne daga Yuni zuwa Satumba. Ruwa yana cika ramuka, macizai su fito neman busasshen wuri, har cikin ɗakunan kwanan ɗalibai da ke gefen gari. Binciken da aka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa sarar maciji tana kashe mutum kusan 58,000 a shekara a ƙasar nan.

Huɗu ne suka fi yin ɓarna. Biyu ba baƙi ba ne a wajenmu. Akwai kububuwarsu, 'yar uwar wadda ta addabi Kaltungo, gajeriya, tana goga jikinta ta yi ƙara idan ta fusata. Akwai kumurcinsu mai fasa kai, da zane kamar tabarau a bayan wuya. Na uku shi ne Russell's viper, mai kauri, ruwan ƙasa, da layi uku na tabo masu kama da sarƙa, kuma hucinsa da ƙarfi yake. Mutane kan ɗauka ɗan mesa ne su kai hannu. Kada ku kuskura.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne krait, don ba mu san irinsa a gida ba. Baƙi ne mai sheƙi, da siraran fararen zobba a jiki. Da dare yake yawo, yakan sari wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙasa saboda zafi. Sarar ba ta cika ciwo ko kumbura ba, wani lokaci mutum ma ba ya farkawa. Da asuba sai ciwon ciki, fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi. Duk wanda ya tashi da waɗannan alamu a kai shi asibiti nan take, ko ba a ga maciji ba. Ku kwana a kan gado, cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.

Marasa dafi su suka fi yawa. Dhaman dogo ne, yakan wuce mita biyu, ɓeraye yake ci, da ya ga mutum sai gudu. Wolf snake kuwa yana shiga gida farautar tsaka, amma ya yi kama da krait ƙwarai, don haka kada sabon zuwa ya ce zai bambance su da ido. Ku ja baya, ku gaya wa masu gadi su kira masu kama maciji. Dokar kare namun daji ta Indiya ta 1972 ta hana kashe macizai.

In an sari wani, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, a manta da baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kira lambar neman agajin gaggawa, 108 ko 112, a nufi asibitin gwamnati mai allurar ASV, wato maganin dafin maciji. Allura iri ɗaya ce ake yi wa dafin duk huɗun nan, saboda haka ba sai kun tsaya neman macijin ba.