Babi na 6: Tsara Gida Daidai da Fili

Darasi na 1: Gabas tukuna

Iyayena da 'yan'uwana, kafin a kira magini, kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, ku je filin da ƙafarku. Ku je bayan sallar asuba, ku tsaya a tsakiyarsa har rana ta ɓullo. Inda ta ɓullo nan ne gabas. Ku fuskance ta. Bayanku yamma ke nan, hagunku arewa, damanku kudu.

Ku shimfiɗa takarda a ƙasa, ku danne ta da dutse. A gefen da ke kallon rana ku rubuta harafin G babba. G na nufin gabas. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya zana rana kawai, da'ira da 'yan layuka kewaye da ita. Ya wadatar.

A nan ake yawan tuntuɓe. Mutum ya rubuta G daidai, ya naɗe takarda ya sa aljihu, ya isa gida ya buɗe ta a juye, sai ya ɗora ɗakin kwana inda rana ta fi duka. Kada wannan ya karya muku gwiwa, kowa da haka ya fara. Duk sa'ad da za ku buɗe takardar, ku juya ta sai G ya kalli gabas, sannan ku ɗauki fensir. Kun tashi shan ruwa kun dawo? Ku sake duba G.

Ga dalili. A nan Garwa, cikin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Bangon yamma yana shan rana tun azahar har faɗuwarta, da dare kuma ya amayo zafin cikin ɗaki, yara su kasa barci. Don haka dogayen bangayen gida su kalli arewa da kudu, manyan tagogi su zauna a jikinsu. Yamma a ba ta ɗakin ajiya ko ban-ɗaki, a dasa darbejiya a bayansa. Hadari kuwa galibi daga gabas yake tasowa, bangon can yana son shafe mai kauri, kwano ya zarce shi sosai. Duk wannan ba zai yiwu ba in takarda a juye take. G ya kalli gabas.

Darasi na 2: Ina ruwa ke bi?

Ku koma filin cikin Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ku ga inda ya kwanta da inda ya gangara, ku zana kibiya. Dattawan unguwa sun san inda ambaliyar Binuwai ta 2012 ta tsaya, ku tambaye su. Baƙar ƙasar nan mai dardarewa da rani, wadda Fulani ke kira karal, takan kumbura da damina ta tsaga bango. Sai harsashi mai zurfi. Masai ya zauna ta gangare, nesa da rijiya.

Ku yi mini haƙuri, Baba, ke ma Inna, amma sai na faɗa. Har yanzu ana kawo mini zane mai kyau, da falo da baranda, babu G ko a kusurwa. In na tambaya ina gabas, sai a nuna rufin aji. Wannan ba rashin iya rubutu ba ne, gaggawa ce. Zanen da babu G ko hoton rana ba zan duba shi ba. A koma fili da asuba.

Darasi na 3: Abin kallo

In ana hango kogi ko duwatsun Tingilin daga filinku, ku tsaya inda kallon ya fi kyau, ku kafa turke. Nan baranda za ta zauna. In ya faɗo yamma, a yi mata rumfa. Taga kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, ƙofar zaure kuma kada ta miƙe ta nuna cikin gida.

Darasi na 4: Takardu

Ku nemi takardar mallakar fili daga ofishin kula da filaye, izinin gini kuma daga ofishin magajin gari, kafin a haƙa harsashi.

Aikin gida: ku zana filinku, da G da kibiyar ruwa, ku kawo ranar Asabar.